"An ce an turo, ba mu gani ba": neman imel ɗin da saba ta riƙe

Duk mai kula da sabar imel (kwamfutar da ke karɓa da rarraba saƙonni) ta wani kamfani a nan Maraɗi ya san wannan ƙorafin. Yawanci takardar farashi ce daga wakilin fiton kaya a Lome, ko amsar wani mai saye daga Kano, ga Alhaji tsaye a kanka. Kafin ka taɓa komai, karɓi adireshin wanda ya turo, harafi bayan harafi, da adireshin da aka turo wa, da ranar. "Mutumin nan na Lome" ba adireshi ba ne.

Fara da akwatin mai shi. Kwamfutocinmu da yawa Faransanci suke ji, saboda haka jakar tarkacen, inda ake jefa saƙonnin da ake zargi, tana iya fitowa da sunan Courrier indésirable, ko Junk, ko Spam. Duba ta kwamfuta, domin wasu wayoyin ba sa nuna jakar. In saƙon yana nan, mayar da shi babban akwati. Kada a yi jinkiri dai, Gmail kan share abin da ya kwana 30 a can.

In babu, sai littafin saba, wato fayil ɗin da take rubuta shige da ficen saƙonni. A sabar da ke aiki da Debian ko Ubuntu yawanci yana /var/log/mail.log, a dangin Red Hat kuwa /var/log/maillog. Nemi adireshin mai turowa da grep, umarnin neman kalma a fayil, ka karanta layin a tsanake, don shi zai gaya maka ko akwai abin cetowa ma.

In ka ga NOQUEUE: reject tare da lamba 550 ko 554, to saƙon bai taɓa shigowa ba, tun a ƙofa Postfix, manhajar da ke karɓar saƙonni, ya kore shi. Kada ka ɓata yini kana tonon abin da ba ya gidanka. Karanta dalilin da aka rubuta a ƙarshen layin, sau da yawa sabar mai turowar ce ta shiga jerin baƙin suna irin na Spamhaus, ƙungiyar da ke lissafa sabobin da ke aika tarkace, a gyara, ya sake turowa. Lamba 450 ko 451 kuwa "dawo an jima" ce kawai. Sabar kirki takan sake gwadawa da kanta, sai a ba Alhaji haƙuri.

In kuwa Amavis, rariyar da ke tace saƙonni, ya rubuta Blocked SPAM da Quarantined, an dace, saƙon yana killace. A layin akwai sunan da aka ajiye shi da shi, bayan kalmar quarantine. Kwafe sunan ka ba umarnin amavisd-release, nan take zai faɗa akwatin mai shi. Amma ni ba na sakin takardar kuɗi sai an buga wa mai ita waya, ta lambar da muka sani tun da, ba wadda ke cikin saƙon ba. Ƴan damfara sun iya kwaikwayon takardar abokin ciniki su sauya lambar asusun banki kaɗai. Wani lokaci rariyar ce ke da gaskiya.

Da yawa a nan suke tsayawa, mako mai zuwa kuma a sake kiransu. Buɗe bayanan saman saƙon ka nemi X-Spam-Status. SpamAssassin, manhajar da Amavis ke auna saƙo da ita, maki yake bayarwa, abin da ya kai 5.0 ya zama tarkace in ba a sauya ma'aunin ba, kuma yakan jera laifuffukan. SPF_FAIL na nufin saƙon ya fito daga sabar da mai adireshin bai ba izini ba. RDNS_NONE, sabarsu ba ta da sunan da ya dace da lambarta. Waɗannan gyaran na can ne, tura wa ma'aikacinsu layin. Akwai ma SUBJ_ALL_CAPS, na masu rubuta kanun saƙo da manyan baƙaƙe zalla, kuma ƴan kasuwarmu akwai son wannan.

BAYES_99 ne naka, wato sashen rariyar da ke koyo daga saƙonnin baya ya ɗauki saƙon tarkace. Rariyar ta koyi karatu ba daidai ba, sai ka gyara mata da sa-learn --ham a kan saƙon. Yi shi da sunan asusun da rariyar ke aiki da shi, wato amavis, in ba haka ba ka koyar da wani ɗalibi daban. Wannan sashen ba ya fara aiki sai ya ga saƙon kirki 200 da tarkace 200, don haka tara masa irin wasiƙunmu na gaske, masu haɗa Hausa da Faransanci a layi guda. Mai Rspamd, wata rariyar daban, ya yi amfani da rspamc learn_ham.

Za a ce maka ka ɗaga ma'aunin zuwa 10 kowa ya huta. Ƙi. Haka kuma kada ka sa gmail.com ɗungurungum a jerin amintattu. Ko whitelist_from ban yarda da shi ba, don sunan mai turowa kawai yake dubawa, kuma kowa na iya ƙirƙirarsa. Sa whitelist_auth, wanda ba ya buɗe ƙofa sai SPF ko DKIM, hanyoyin tantance asalin saƙo, sun tabbatar da mutum. Daga SpamAssassin 4.0 na shekarar 2022 sunansa ya koma welcomelist_auth. Rubuta shi a local.cf, fayil ɗin saitin SpamAssassin, gwada da spamassassin --lint, sake tayar da Amavis, sannan ka roƙi wakilin ya turo saƙon gwaji ka duba makinsa kafin ka ce wa Alhaji an gama.