Abin da Baƙo Zai Sani Kafin Ya Shiga Hirar Ƙwallon Kanada

Wanda ya sauka a Regina ko Winnipeg tsakanin Yuni da Nuwamba ba zai daɗe ba zai lura cewa hirar safiyar Litinin a wurin aiki ta CFL ce, babbar gasar ƙwallon Kanada, wato wasan da ake rungumar ƙwallo mai siffar ƙwai a ruga da ita. Ina ba sabon zuwa shawara ya kasa kunne, domin ta wannan hira ake sabawa da mutane, musamman a Regina inda za ka ga dattijo ya rarake kankana ya kifa a kansa saboda ƙaunar Roughriders, ƙungiyar lardin Saskatchewan da ke garin.

Ƙorafin da za ka fi ji shi ne cewa masu horarwa 'yan ƙalilan ne ake ta juyawa tsakanin ƙungiyoyi 9 na gasar. Chris Jones ya ci kofin Grey, wato kofin zakarun gasar, da Edmonton a 2015, ya koma Saskatchewan, ya sake dawowa Edmonton a 2022, aka sallame shi a 2024 bayan an doke su a wasanni 5 na farko. Paul LaPolice ya jagoranci Winnipeg daga 2010 zuwa 2012, daga baya Ottawa ta ɗauke shi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Dokokin wasan sun sha bamban da na Amurka: 'yan wasa 12 ne a kowane ɓangare, fili ya fi faɗi, kuma dama uku kacal ake da ita ta cin yadi 10, saboda haka shugabannin ƙungiyoyi suna tsoron ɗauko wanda bai san dawan garin ba. Ƙari a kan haka, tun 2019 hukumar gasar ta ƙayyade kuɗin da ake kashewa kan masu horarwa.

Inda abin ke ci wa masu kallo tuwo a ƙwarya shi ne salon kai hari. Koci da aka taɓa kora yakan guji kasada: a damar farko a ruga da ƙwallo, a ta biyu a yi gajeren jifa da bai kai yadin da ake nema ba, a ta uku a harba ta ga abokan hamayya. Mutum na zaune a filin Mosaic na Regina, hannuwansa sun ƙage don sanyi, yana faɗin abin da za a yi tun ba a yi ba. A ganina wannan asara ce babba ga wasan da faɗin filinsa yake kiran dogon jifa.

Sai dai kada ka yi saurin yanke hukunci a gaban masoya Montreal, domin Jason Maas, wanda Edmonton ta sallama a 2019, shi ya ɗauko musu kofin Grey a 2023. Idan kuma aka gayyace ka wasan Saskatchewan da Winnipeg na ƙarshen Agusta ko farkon Satumba a Regina, ka amsa, ka sa koriyar riga, launin Roughriders.