Yadda ake gane macijin da ke cin macizai masu dafi, a ƙyale shi a wajen gida

A yawancin gidajenmu, da zarar an ce ga maciji, hannu sanda yake nema, kuma ba a tsayawa duban kamanninsa sai ya mutu. Tsoron yana da dalili, domin kububuwa kaɗai tana kai ɗimbin manoma da makiyaya asibitin saran maciji na Kaltungo a Jihar Gombe duk shekara, musamman lokacin shuka da girbi. Amma cikin waɗanda ake kashewa akwai wani maciji marar dafi wanda abincinsa ya haɗa da kwaɗi da ƙadangaru da sauran macizai, har masu dafin. Masana suna kiransa Limaformosa crossi, an fara bayyana shi a rubuce a 1895 daga samfurin da aka samo a Asaba, kuma ana samunsa a Najeriya da Ghana da Togo da Benin da Kamaru. A Amurka ma akwai macizai masu irin wannan aiki, waɗanda ke haɗiye macizai masu ƙararrawa a wutsiya ba tare da dafin ya kashe su ba.

Abu na farko shi ne ka tsaya nesa, aƙalla taku huɗu ko biyar, ka sa a janye yara da dabbobi. Nisan nan ba na tsoro ba ne kawai, domin kumurci yana iya feso dafi a ido daga tazarar mita 2 ko fiye. Shi wannan maciji marar dafi da dare yake fita, galibi bayan an ɗauke ruwan sama, saboda haka kana bukatar tocila mai haske sosai. Hasken waya bai isa ba, kuma tocilar caji ba ta kai kuɗin motar zuwa asibiti ba.

Sai ka dubi jikinsa, kuma a nan ne masu koyo suke faɗuwa. Da yawa sun ji an ce macijin nan jikinsa kaushi gare shi, sai su riƙe wannan alama ita kaɗai, alhali kuwa kububuwa da kasa su ma jikinsu da kaushi. Alamomi uku ake so su haɗu, in ɗaya ta ɓace to a ɗauka mai dafi ne. Ta farko ita ce siffar gangar jiki: ba mulmulalle ba ne kamar sauran macizai, bayansa yana da tudu mai kaifi tun daga wuya har wutsiya, gefe biyu suna gangarowa, ciki kuma a shimfiɗe, ta yadda jikin yake da kusurwa uku. A lura, jiki ake nufi ba kai ba. Ta biyu ita ce ɓawon jikinsa, wanda yake tsitstsira kamar haƙoran magagari, kuma ɓawon ba ya haɗewa sosai, har akan hango fata mai haske a tsakani idan tocila ta haska shi. Ta uku ita ce launi: baƙi-baƙi ne ko ƙasa-ƙasa mai duhu bai ɗaya, ba zane ba ɗigo, cikinsa ya fi haske, kuma babba yakan kai mita ɗaya ko ya ɗara.

Kububuwa gajera ce, da wuya ta wuce santimita 60, tana da ɗigo-ɗigo masu haske a baya, kuma idan ta ji motsi sai ta nannaɗe tana goga jikinta da jikinta, ana jin ƙara kamar an zuba ruwa a mai mai zafi. Kasa kuwa kakkaura ce mai faɗin kai da zane a baya, tana huci. Kumurci jikinsa sumul ne, yana ɗaga kai ya fasa wuya. Wanda ya fi yaudarar mutane shi ne wani ɗan ƙaramin baƙin maciji mai sheƙi da gajeriyar wutsiya, mai shiga ƙasa, wanda yake kama da marar cutarwa amma yana sara ta gefen baki ko da an riƙe shi a wuya. Saboda shi ne nake ganin bai halatta wanda ba gwani ba ya taɓa kowane baƙin maciji da hannu, ko da ya tabbata ya gane shi.

Halinsa ma shaida ne. Macijin da muke magana a kansa sanyin hali gare shi, yana tafiya a hankali, ba ya fasa wuya, ba ya kai sara, sai dai idan an dame shi ya saki wani ruwa mai wari. Ka ɗauki hotonsa daga inda kake ta hanyar jawo hoton kusa, ka nuna wa malamin ilimin dabbobi ko ma'aikacin gandun daji, kada ka matsa don hoton ya yi kyau.

Idan alamomin sun cika kuma a waje yake, ka ƙyale shi ya wuce, domin suri da ramuka da ƙarƙashin itace ne maɓoyarsa, kafin gari ya waye ya shige. Kada a zuba masa kalanzir ko maganin ƙwari, kada kuma a kama shi a kai wani gida da sunan gadi, don ba ya zama inda aka ajiye shi. Idan ɗaki ya shiga, a buɗe ƙofa, a kashe hayaniya, a kora shi da doguwar tsintsiya mai sanda.

Kasancewarsa a gida ba ta ɗauke wa kowa aikin tsafta ba. A nome ciyawa, a ɗaga itacen girki daga ƙasa, a toshe ramukan ɓeraye a gindin rumbu, a riƙa sa takalmi da riƙe tocila da dare. Idan kuwa an yi sara, ko wane maciji ne, kada a ɗaure da ƙarfi, kada a tsaga ko a tsotse, a hana wurin motsi a wuce asibitin da ke da allurar dafin maciji nan take. Wanda aka fesa wa dafi a ido a wanke masa da ruwa mai yawa tun kafin a kama hanya.