Yadda ake kafa zanen iska mai kusurwa huɗu a ƙaramin jirgin ruwa

Da farko auna jirginka. Sandar tsaye da za ta ɗauki zanen kada ta fi shi tsawo, don ta kwanta ciki in an sauke. Jirgi mai mita 4, sanda mai mita 3 da rabi ta isa.

Sannan ka samu gora mara tsaga, ka ɗinke bakin zanen na sama a jikinta.

Nan ne aikin yake. Kada ka ɗaura igiyar ɗagawa a tsakiyar gorar. Auna kashi ɗaya cikin uku daga gaba, ka ƙulla a nan, sai ƙarshen gorar na baya ya ɗaga sama, zanen ya cika.

Ja kusurwar gaba ta ƙasa ka ɗaure tam a gindin sanda. Igiyar kusurwar baya ta ƙasa kuwa, riƙe ta a hannu, kada ka ɗaure. Iskar hunturu a tafkin Madarunfa da ke jihar Maraɗi a Nijar tana zuwa ba sallama.