Daga Lisbon zuwa Dublin: Turancin da zai ci maka kuɗi yana bakin mai gida

Tun da Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai a 2020, 'yan uwanmu masu fasfon Fotugal suka karkato akalarsu zuwa Ayalan. Wasu sun yi kasuwanci a Luwanda ta Angola, wasu sun daɗe a Lisbon, bakinsu ya faɗa da Fotuganci, Turanci kuwa sai na gaisuwa. A masallacin South Circular Road da ke Dublin muke tarbar yawancinsu, kuma alhamdu lillahi jama'armu ba ta barin baƙo ya rasa wurin sa haƙarƙari. Abin da ke ba ni haushi shi ne kowa da zance ɗaya yake sauka: "Ai Turanci ɗan uwan Fotuganci ne, wata biyu na gama da shi."

Ta wani gefen da gaskiyarsu. Dogayen kalmomin ofis irin su "information" da "document" duk kun zo da su a aljihu, shi ya sa neman lambar PPS, wato lambar shaida ta haraji da ayyukan gwamnati, ba ya wahalar da kowa. Mai fasfon Tarayyar Turai kuma ba ya bukatar izinin aiki. Wannan a wuce wurin.

Kamannin nan ne kuma yake yaudara. An rubuta "push" a ƙofar banki, kai kuma kana ta ja, don "puxe", wato ja a Fotuganci, ka sani. Wannan dariya kawai za a yi maka. Amma ka je neman aiki ka ce "I pretend to work here", a nufinka kana da niyyar aiki, su kuwa abin da suka ji shi ne za ka riƙa yin kamar kana aiki.

Inda ake kuka shi ne haya. Gida a Dublin ya yi tsada ya yi wuya, sai ka tarar da layin mutane a ƙofar ɗaki guda da aka tallata a Daft, shafin tallan gidaje na intanet. Sabon zuwa da ya samu ɗaki hannunsa har rawa yake wajen sa hannu. Malam, tsaya ka nemi kalma ɗaya a takardar: "tenant" (cikakken ɗan haya) aka rubuta ko "licensee" (wanda aka ba izinin zama kawai)? Ta biyun tana yi wa mai Fotuganci kama da "licença", sai ya ɗauka wani lasisi ne na ƙarin kariya, alhali ita ce mai raunin. Idan a gida ɗaya kake da mai gidan, ko daga hannun wani ɗan haya ka karɓi ɗakin, yawanci hukumar RTB mai raba gardamar haya ba ta da hurumi a kanka. Ni wata mata da na zauna a gidanta ta ce za ta mayar mini da kuɗin ajiyata "eventually". A Fotuganci "eventualmente" na nufin wataƙila, a Turanci kuwa a ƙarshe dai za a yi, amma ba rana ba wata. Sai da na shigar da ƙara a sashen ƙananan ƙararraki na kotu, inda ake biyan Yuro 25 kan kuɗin da bai wuce Yuro 2,000 ba, sannan kuɗina suka fito. Yanzu kuma ina ganin yaranmu suna miƙa tsabar kuɗi ba rasit, in ka yi magana su ce "Ai Alhaji mutumin kirki ne, har shayi ya ba ni."

Tun 2021 doka ta hana a karɓi fiye da kuɗin wata ɗaya na ajiya da wata ɗaya na haya daga cikakken ɗan haya. Wanda ya nemi wata uku, ka ɗauki jakarka. In takarda ta zo da "notice" a samanta, ba "notícia" ba ce, ba labari ake ba ka ba, sanarwa ce, wataƙila ma ta tashi, kuma kwanakinta sun fara tafiya. Kai ta ƙungiyar Threshold mai taimaka wa 'yan haya ko ofishin Citizens Information a ranar, kyauta suke dubawa.

Sannan ga Turancin 'yan ƙasar, wanda ba ya cikin littafin kowa. In mai gida ya ce wa buƙatarka ta gyaran famfo "I will, yeah" da wata jan murya, ba zai yi ba ne. "Half five" biyar da rabi ce. "Giving out" faɗa ne, ba rabon kyauta ba. "Grand" kuwa ba laifi kawai yake nufi.

Wani tarkon mai daɗi shi ne 'yan Barazil. Suna da yawa a Dublin, akasari ɗaliban makarantun Turanci, mutane ne masu fara'a, kuma da su za ka haɗu a kicin ɗin gidan abinci ko wurin kai saƙo a keke. Sai ka shekara kana Fotuganci safe da yamma, Turancin da ka tsinta ma mai kurakuransu ne. Yi zumunci da su, amma ka yi rajistar ajin Turanci na hukumar ilimi da horarwa (ETB) ta yankinka, ko zaman hira na Fáilte Isteach inda masu aikin sa kai, yawancinsu dattawa, ke gyara wa baƙi baki kyauta. In za ka, tafi da takardar hayarka a karanta maka ita layi-layi.