Yadda Ake Karanta Gajimare a Hoton Tauraron Ɗan Adam

Tun da Amurka ta harba tauraron ɗan adam mai suna TIROS-1 a ranar 1 ga Afrilun 1960 ake ɗaukar hoton gajimare daga sama, kuma a yau kowa na iya ganin irin waɗannan hotuna kyauta a shafuka kamar EUMETView da NASA Worldview. Kafin a fara fassara komai, a duba lokacin da ke jikin hoton, domin da agogon UTC, wato agogon bai-ɗaya na duniya, ake rubuta shi, sannan a san wane tauraro ne ya ɗauka. Meteosat na Turai da GOES na Amurka da Himawari na Japan suna nisan kimanin kilomita 36,000 a saman layin ikwaita, wato layin da ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu, suna juyawa daidai da juyawar duniya, shi ya sa suke kallon yanki guda ba dare ba rana, suna aiko da sabon hoto duk minti 10 zuwa 15.

Abin da ya fi rikita mai koyo shi ne farin launi, don ma'anarsa tana sauyawa daga hoto zuwa hoto. A hoton hasken rana, fari na nufin gajimare mai kauri da ke mayar da haske sosai, kuma da rana ta faɗi wannan hoton ya daina amfani. Hoton zafi, wanda ke auna ɗumin da kowane abu yake fitarwa, yana aiki har cikin dare, amma a cikinsa fari na nufin sanyi, sanyi kuwa alama ce ta tsawo, tunda iska tana ƙara sanyi yayin da ake hawa sama. Saboda haka a jera hotunan biyu na lokaci ɗaya a kwatanta su. Idan wuri ya yi fari fat a duka biyun, to hadari ne mai kauri da ya yi toroko, wanda sanyin ƙololuwarsa kan kai digiri 60 ƙasa da sifili a ma'aunin Selsiyas. Idan ya yi fari a hoton zafi amma ya fito shara-shara a na rana, siririn gajimaren ƙanƙara ne na can sama wanda ba ya kawo ruwa, kodayake yana yawan yaudarar sabon hannu. Idan kuwa ya yi fari da rana alhali da ƙyar ake bambanta shi da ƙasa a hoton zafi, hazo ne ko gajimaren da ke ƙasa-ƙasa.

Akwai kuma hoton tururin ruwa, mai nuna danshin tsakiya da saman sararin samaniya. Duhu a cikinsa busasshiyar iska ce.

A ganina, hoto guda bai isa a yanke hukunci da shi ba. A haɗa hotunan sa'o'i uku ko huɗu a kalle su a jere, a lura da inda hadarin ya dosa, da kuma ko farin yana faɗaɗa yana ƙara sanyi, wanda ke nuna yana ƙarfi, ko yana yayyagewa ta gefe. Ta haka ne ma ake bambanta gajimare da dusar ƙanƙara da ke kwance a ƙasa, domin ita ba ta motsi. Sai dai saman gajimare tauraron yake gani, don haka wanda ke son tabbatar da inda ruwa ke sauka sai ya haɗa da bayanan na'urar rada (radar) mai gano ruwan sama ko na tashoshin auna ruwan sama.