Kyamarar gida ta ƙi nunawa a waya: kurakuran da aka fi yi

Idan hoton kyamarori yana fita tsaf a talabijin ɗin gida amma waya ta ƙi nunawa, da wuya a ce DVR ɗin, wato akwatin da ke ɗaukar hoton kyamarorin yana ajiyewa, shi ne ya lalace. Kafin ka kinkime shi zuwa wurin mai gyara, shiga saitin sadarwarsa ka duba kalma ɗaya: Online ko Offline. A akwatin kamfanin Hikvision tana ƙarƙashin Platform Access, a na kamfanin Dahua kuma wajen P2P. In Offline ka gani, akwatin bai ma kai ga intanet ba, don haka goge manhajar kallon kyamara a wayarka da sake saukar da ita wahalar banza ce.

Galibin waɗannan akwatuna ba su da Wi-Fi, sai an ja musu kebul daga rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida. Shi ya sa ƙaramar MiFi ta aljihu, wadda ba ta da ramin soka kebul, ba ta yin wannan aikin. Ko da kebul ɗin na nan ma, canza rauta kan ɓata lissafi. Akwatin na riƙe da tsohon adireshi irin 192.168.1.64, sabuwar rautar kuwa tana raba masu farawa da 192.168.8, sai su zauna a ɗaki ɗaya kamar kishiyoyi, ba mai yi wa wata magana. A saitin akwatin, kunna DHCP don ya karɓi sabon adireshi daga rautar da kansa, ka sa 8.8.8.8 a gurbin da aka rubuta DNS, ka kashe shi ka kunna.

Babban abin da ke cinye wa mutane dare shi ne buɗe ƙofofin rauta (port forwarding) don waya ta iske akwatin daga waje. Za a ce maka ka buɗe 80 da 554 da 8000 in Hikvision ce, ko 37777 in Dahua ce. Maganar ba ƙarya ba ce, amma tana aiki ne ga mai adireshin intanet nasa na kansa. Wanda rautarsa ke ɗauke da layin waya, kusan kullum adireshi ɗaya yake rabawa da ɗimbin jama'a, tsarin da ake kira CGNAT. Kamar gidan haya ne mai ƙofar waje ɗaya: ko ka wangale ƙofar ɗakinka, makullin zaure na hannun mai gida. Duba adireshin WAN, wato wanda kamfanin intanet ya ba rautar, a saitinta. In ya fara da 10, ko yana tsakanin 100.64 da 100.127, ka haƙura kawai. Starlink ma haka tsarinta na gida yake. Mafita ita ce ka haɗa ta lambar QR a manhajar Hik-Connect ta Hikvision ko DMSS ta Dahua, domin a nan akwatin ne ke fita da kansa ya nemi wayarka.

Sai rigimar asusu. Hik-Connect ba ya barin akwati ɗaya ya zama mallakar asusu biyu, kuma masu haɗawa da yawa da nasu suke ɗaurewa don sauri. Ranar da ka canza waya, injiniya ya canza lamba, shi ke nan an shiga uku. Tun yana kan tsani ka ce da lambarka za a buɗe asusun, shi a raba masa in da buƙata. Kalmar sirri ma ka canza a gabansa. A 2016 manhajar ɓarna ta Mirai ta mamaye kyamarori da DVR masu yawa ne saboda an bar su da kalmar da suka zo da ita daga kamfani.

Wasu kuma sun sa DVR a kan inbata sun manta da rauta, ana ɗauke wuta akwatin na ta ɗauka, waya shiru. In agogon akwatin ya koma 1970, ƙaramin batirin ciki mai kama da kwabo ne ya mutu. Canza shi ka kunna NTP, saitin da ke daidaita agogo ta intanet. Hoton da ke sarƙewa kuwa, sauke shi daga HD zuwa SD, ko data ma ta huta.

Kuma kada ka yi gwaji da Wi-Fi ɗin gida ka ce an gama. Kashe shi, kunna datar wayarka, ka buɗe manhajar tun kafin ka sallami injiniya.