Masu ciwon baya, ga inda kuke kuskurewa

Da wuya mako ya wuce ba a turo mini wani mutum shago ba, wai tunda na sha fama da ciwon baya na samu sauƙi, in faɗa masa sirrin. Ni tela ne, ba likita ba, amma na gaji da maimaita magana ɗaya. Ina nufin ciwon ƙugu na yau da kullum, wanda aka duba ba a ga karaya ko ƙari ko wata cuta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 90 cikin 100 na ciwon baya irinsa ne.

Uwa uba a kurakuran nan ita ce kwanciya. Ranar da nawa ya riƙe, sunkuyawa na yi in ɗaga kan keke, sai na ji kamar an caka mini basilla a kwankwaso. Duk wanda ya zo dubiya sai ya ce, "Ka kwanta, kada ka motsa." Na kuwa ji magana. Mako uku ina rigingine, abinci har shimfiɗa, ga Ƙaramar Sallah ta matso, ga atamfofin mutane jibge a shago. Sai da na mayar wa mutum takwas kafin alƙalaminsu, wasu har yau ba su sake kawo mini ɗinki ba. Da na tashi kuma, bayan ya sanƙare kamar katako, ƙafafu kamar na aro. Da na je sashen gashin ƙashi, likitar ta dube ni ta ce, "Malam, wa ya ce ka kwanta?" Ashe tun 1995 wani bincike a ƙasar Finland ya nuna cewa waɗanda suka ci gaba da harkokinsu daidai ƙarfinsu sun riga waɗanda aka kwantar kwana biyu warkewa. Kwana biyu fa! Ni na yi 21. Yanzu in ya motsa, ko da ɗingishi sai na taka zuwa masallaci na dawo, kuma ba na wuce rabin awa a kan keke ban miƙe ba.

Sai bel. Wata shida ina ɗaure da shi a ƙarƙashin riga, cikin zafin bazara, ƙuraje duk sun feso. Abin da ya ƙara mini kawai tsoro ne: in na cire, sai in ji kamar bayan zai ɓalle. A Disambar 2023 ita dai hukumar ta fitar da ƙa'idojin ciwon baya mai daɗewa, ta ce a bar bel da injin da ake jan ƙashin baya da shi. Amma har gobe za ka ga saurayi ɗan shekara 25 ya sha ɗamara kamar mai jego. Haba!

Masu zuwa asibiti su ɗauki hoton baya su dawo suna kuka su ma suna ba ni haushi. An tattara bincike a 2015 kan mutanen da ba abin da ke musu ciwo, aka ga kashi 37 na 'yan shekara 20 guringuntsin bayansu ya fara zaizayewa, na 'yan 80 kuwa kashi 96. Furfura ce ta ciki, ba ita ce lallai take maka ciwon ba.

Motsa jikin ma ana ɓata shi. Wani ya yi kwana uku ya ce ba ya aiki, wani ya ga bidiyo ya yi ta murɗa ƙugu kamar mai matse wanki. Ni abu biyu nake yi bayan Asuba a kan tabarma. In kwanta rub da ciki, in dafa ƙasa in ɗaga ƙirji, kwankwaso na manne da tabarma, sau goma. Wannan na Robin McKenzie ne, wani likitan gashin ƙashi mutumin New Zealand. Ka lura: in zafin yana barin ƙafa yana tattaruwa tsakiyar baya, ci gaba, in yana gangarawa cinya, tsaya. Sannan in durƙusa kan gwiwa da tafin hannu, in miƙe hannun dama da ƙafar hagu, in ƙirga goma, in sauya. Sai da na yi kusan wata biyu kafin na ga bambanci.

Sa yaro ya tattaka maka baya, bari. Diclofenac kullum daga kemis, ciki ba abinci, olsa da ƙoda kake nema. Tramadol kada ma ka fara. Gashi da tawul mai ɗumi ina yi, yana sassauta tsoka, amma don in samu in tashi ne, ba don in koma barci ba.

In kuwa fitsari ya tsaya ko yana zubowa ba ka sani ba, ko mazaunai da tsakanin cinyoyi sun mutu, ko ƙafa tana rasa ƙarfi, manta da tabarma, a kai ka asibiti a ranar. Haka in da zazzaɓi, rama da gumin dare, domin tarin fuka yana kama ƙashin baya, kuma a wajenmu ba baƙo ba ne.